Shekarar da Baba Ya Shuka Madubai

A garinmu falwaya ta riga wuta zuwa da shekaru masu yawa. Ina saurayi aka kawo su, ana gab da wani zaɓe, aka kafa su a jere tun daga titin Tsanyawa har ƙofar masallacin Juma'a. Aka ja waya, aka yi kiɗa, aka ci tuwo. Wutar ta leƙo mu kamar sau nawa, sai taransifoma ta ƙone, kuma ba a sake waiwayarmu ba. Daga baya wayar ma ta yi ƙafa. Falwayoyin suka zama wurin ɗaure jakuna da manna hotunan masu neman ƙuri'a.

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri. Shekara da shekaru ina taka keke da ƙafa, ina guga da dutsen gawayi, in kuma riga tana son surfani sai na hau bas zuwa Bici na kai wa masu wuta. Saboda haka ranar da aka ce wani kamfani zai kafa mana tashar sola tamu ta kanmu, wadda ba ruwanta da layin gwamnati, ban iya cin abincin rana ba don murna. Na bar ɗinkin mutane a kan keke na yi ta zagaya gari ina ba da labarin da kowa ya riga ya ji.

Matsalar ita ce fili. A wajenmu babu daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, iyakar ɗan layin gamba ce ko lalle, kuma kusan kowace gona da ɗorawarta ko kukarta ko mangwaronta. Injiniyar da kamfanin ya turo, wata matashiya ce 'yar birnin Kano, mai saka hular kwano a kan hijabi, ta ce tana son wuri kusa da gari wanda babu inuwa a cikinsa ko kaɗan. Aka zaga da ita gabas da yamma. Wuri ɗaya ne ya yi, gonar mahaifina ta bayan gari.

Wannan gona ita ce idon Baba. Ita ta faɗo masa da aka raba gadon kakanmu, kuma duk rani ita ce ke shan takin gidanmu, mangala bayan mangala. Geronta kan wuce tsayin mutum a kan jaki. Dagaci ya tara dattawa a zaurensa, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, don an san abin da za a roƙa kuma an san ba a roƙon irinsa. Baba bai bari an roƙe shi ba.

Ya ce, "Ku ɗauka. Ba sayarwa na yi ba, aro ne. In gari zai yi haske, a shuka abin a gonata."

Na ji kamar in ɗaga shi sama. Amma ƙanensa, Baffana, tashi ya yi ya kaɗe rigarsa ya fita ko sallama babu.

Baffa ba jahili ba ne, shi ya sa maganarsa take da ciwo. Ya yi fataucin shanu zuwa kudu tun yana da ƙuruciya, ya ga duniya. In ya zauna a majalisar gindin dalbejiya bayan la'asar, sai ya ba ka labarin wuta tun daga tushenta. Ya ce ya tsaya a kan madatsar Shiroro ya ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa saboda ƙarfin ruwan da ke juya injuna. Ya ga tashoshin gas na kudu masu bututu kamar hasumiya. Ko nan Tiga, in ji shi, ruwa ne tafki guda ido ba ya ganin ƙarshensa. Wutar da ke haska birnin Kano daga irin waɗannan wurare take tahowa, tana keta dazuzzuka a kan manyan ƙarafa.

"Wannan ita ce wuta," in ji shi. "Ruwa mai ruri ko gas mai ci. Amma madubi? Madubin da mata ke duba kwalli? Yaya ya ba da gonar ubanmu a shuka madubi. To mu ga damin da zai ɗaure."

Tun daga ranar bai sake kiran wurin gona ba. Kantin madubi yake cewa. Ya kuma rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba, ba kuma za a ja waya zuwa gidansa ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da aka fara aiki. Na ɗauka jera farantan za a yi a ƙasa, in an gaji a kwashe. Ashe ramuka za a haƙa a zuba kankare a kafa ƙafafun ƙarfe, a shimfiɗa tsakuwa a kan ƙasar da Baba ya shekara talatin yana ciyarwa da taki. Na dubi fuskarsa lokacin da tifa ta juye tsakuwar farko. Ya cire hularsa ya mayar. Daga ranar kowa ya san ko an kwashe kayan gobe, fartanya ba za ta sake shiga wurin ba.

Aka jera farantan sahu-sahu, baƙaƙe masu sheƙi, kowanne ya ɗan kishingiɗa yana kallon sama. Aka gina ɗan ɗaki aka cika shi da batura, aka kewaye wurin da shingen waya aka sa ƙofa. Injiniya ta miƙa wa Baba makullin ƙofar shingen, ta ce ai gonarsa ce. Ta yi mana gargaɗi a gaban jama'a: kada akuya ta shiga, kada yara su yi jifa, kada kowa ya taɓa waya ko ya buɗe ɗakin batura. Ta ce, "Rana ce abincinsu. In suka ƙoshi da rana, batura su ajiye, ku sha wuta da dare." Muka ce mun ji, kuma wallahi duk abin da ta lissafa mun kiyaye shi.

Ranar da aka kunna, ana gab da magariba ne. Gari kaf yana waje. Ta shiga ɗakin batura ta taɓa wani abu, sai ƙwan da ke ƙofar masallaci ya kama, na gidan dagaci ya kama, sannan layinmu gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gari. Ihun da aka yi na tabbata an ji shi a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Mata suna guɗa ta kan katanga, yara suna tsalle suna bin inuwarsu, ladan ya kama lasifika ya kira salla da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Ni kuwa da gudu na tafi shago, na jona dutsen gugar da na saya tun wata biyu kafin nan na ajiye a kwali. Da na ji ya ɗau zafi sai na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya zare. Na goge rigar da ke jikina, na goge hular maƙwabci, na goge tsumman goge keke.

Kwanakin da suka biyo baya biki ne ba makaɗi. Kajin Inna suka ƙi shiga akurki, suna ta kiwo a tsakar gida bayan isha'i. Inna da kanta, da ta ga ɗakinta a cikin hasken ƙwai, salati ta yi, ta ce ashe cikin wannan baƙin hayaƙi da yanar gizo take karɓar baƙi. Washegari duk matan layinmu suna share rufi suna shafe bango. Mai shayi ya sayo firji, kuma ƙanƙarar farko da ta fito sai da ta zaga majalisa hannu zuwa hannu har ta narke. Injin niƙa ya daina jiran man dizal. Ni ma na kawo keken surfani, na daina kai wa mutanen Bici aikina. In Baba ya wuce, mutane har tasowa suke su gaishe shi, ana ce masa mai gonar wuta. Yana jin daɗi, ko da yake ba ya nunawa.

Damina ta zo, kowa ya fita shuka. Na ga Baba da sassafe ya tsaya a bakin shingen yana kallon maƙwabtansa suna binne iri dama da hagu. Yana da wasu gonakin can nesa, mun noma su, amma na san ba ɗaya ba ne. Duk da haka wuta tana nan, ko ranar da hadari ya rufe sama takan kai mu wani wuri. Baffa ya rage magana.

Sai kaka ta shigo, abu ya lalace.

Da farko wutar takan ɗauke bayan an watse daga hira. Sannan ta koma ɗaukewa ana idar da isha'i. Kafin a gama yankan gero ta koma mutuwa ana cikin sallar magariba, liman yana tsakiyar karatu lasifika ta yi shiru. Ƙanƙarar mai shayi ta koma ruwa. Keken surfanina ya tsaya da rigar angon wani a bakinsa. Abin haushin kuma, rana ake ƙwallawa a lokacin, babu ko ɗigon gajimare.

Baffa ya dawo da ƙarfinsa. "Ina ce rana ce abincinsu? Ga rana nan har ta yi yawa. Ko sun ƙware ne?" Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce falwayoyin da can ma sun fi mutunci, don su ba su ci gonar kowa ba. Ranar da Baffa ya dubi Baba a gaban mutane ya ce, "Yaya, an fara kai dami gida, naka na kantin madubi yaushe za a ɗauko, in aiko da jaki?" sai da aka riƙe ni. Na manta ƙanen ubana ne. Baba ya daka mini tsawa ya ce in zauna, sannan ya tashi ya tafi gida. Daga ranar ya daina zama majalisa, daga masallaci sai zaure.

Yanzu bari in faɗi abin da ke faruwa a gonar, don ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk garin yana gani, har da ni, kuma babu wanda ya kawo komai a ransa.

Kaka lokacin shanya ne. Kuɓewa, tattasai, barkono, tumatir, duk wanda ba a ci ɗanye ba yankawa ake a busar don miyar rani. Kuma daidai lokacin ne ake sakin dabbobi su ci karmami, saboda haka mace in ta baza shanya a ƙasa sai ta wuni tana korar awaki. Wata safiya Inna ta kai wa Baba kunu a bakin shingen, ta ɗora hannu a kan faranti ɗaya ta ji ɗumi. Ta duba ta ga wuri sumul, a sama yake, ba ƙasa ba tsakuwa, ga shinge ya tsare akuya. Ta ce, "Malam, ai wannan gadon shanya ne Allah ya kawo mana."

Baba ya yi tunani. Injiniya ta hana akuya, ta hana jifa, ta hana taɓa waya. Ba ta ce komai a kan kuɓewa ba. Kuma a ganinmu duka zafin rana ne ke zama wuta, ai wuta zafi ce. Farantin da aka baza wa kuɓewa kuwa in ka sa hannu a ƙarƙashi zafinsa na nan. To me aka rage? Ya buɗe mata ƙofa.

Kuɓewar Inna ta bushe ƙayau cikin ɗan lokaci, koriya shar, ba ƙwayar yashi. Labari ya zaga. A al'adarmu mai gona ba ya hana maƙwabci shanya ko kala bayan girbi, balle Baba da ko ɓarawo ya roƙe shi inuwa zai ba shi. Kullum da hantsi sai ya buɗe ƙofa, tsofaffin mata da 'yan mata su shigo da ƙwarya da tire, kowace ta san sahunta. Kafin azahar ba ka ganin baƙin faranti ko ɗaya. Da yamma a kwashe. Baba ma har daɗi yake ji. Ya taɓa ce mini, "Ka gani, ko ba gero gonar tana ciyar da gari." Ni da nake rantsuwa na fi kowa son wutar nan, ta gefen shingen nake wucewa kullum, har na taɓa cewa jan tattasai da koren kuɓewa sun yi kyau kamar atamfa.

Injiniya kuwa tana can Kano tana gani a na'urarta cewa farantan ba sa kawo abin kirki. Sai ta kira Baba, tunda makulli na hannunsa, ta ce gobe tana tafe. Mu kuma ba a yi mana baƙo ya tarar da wuri kaca-kaca. Baba ya sa a share gonar tas, ya ce wa mata gobe ba shanya, muna da baƙuwa. Inna ta dama fura, aka yanka zakara. Injiniya ta zo ta tarar da farantai fes suna sheƙi, ta auna wannan ta auna wancan, komai lafiya. A ranar wuta ta kai har asuba. Ta sha fura ta koma tana mamaki. Washegari shanya ta dawo.

Haka aka yi ta yi. Duk zuwan da za ta yi sai ta kira, duk kiran da za ta yi sai mu gyara. Ta canza wata na'ura, ta kwance batura ta mayar, ta zo da wani abokin aikinta suka wuni suna Turanci. Har mutane suka fara cewa wutar tsoronta take ji, wasu suka ce a nema mata miji a garin kawai ta zauna. A zuwanta na ƙarshe ba ta yi dariyar ba. Ta zauna a zauren Baba ta ce, "Baba, gaskiya manyana sun gaji. Sun ce in ba a gano matsalar ba, za su kwashe kayan su kai wani gari."

Baba ya ce, "Su bar mini me?"

Duk mun san amsar. Kututturan kankare da tsakuwa, da dariyar Baffa har ƙarshen rayuwa. A daren Baba bai taɓa tuwonsa ba. Na tsorata ƙwarai, don ban taɓa ganin tsufa a jikinsa ba sai ranar.

Abin da ya cece mu shi ne lalacewar wutar kanta. Ta kai wayoyin gari duk sun mutu, har da ta Baba, ba inda za a yi caji. Injiniya ta yi ta kira ba ta samu, sai kawai ta kamo hanya. Ranar kasuwar Tsanyawa ce, rana tsaka, ina shago ina taka tsohon kekena ina tsaki, sai na ga motarta ta wuce ba tare da kowa ya share ko ƙofar gida ba. Na tashi na bi ta da gudu, abin da ke raina kawai shi ne kunya, baƙuwa za ta ga wuri a hargitse.

Na same ta tsaye a bakin shinge, hular kwano a hannu, baki buɗe. Gonar kuwa ta yi ado iya ado. Sahun farko kuɓewa, na biyu tattasai, can barkono, can yankakken tumatir, wata ma ta baza garin rogo, wata ta shanya zanen goyo a kan na ƙarshe. Baba yana zaune a inuwar ɗakin batura da makullinsa, Inna tana juya kuɓewa da hannu.

Injiniya ta ce, "Inna... tun yaushe?"

Inna ta ce, "Tun farkon kaka, 'yar nan. Ki yi haƙuri, ba mu san kina tafe ba, da mun kwashe."

"Da kun kwashe?"

"Ai kullum in za ki zo kwashewa muke. Ya za a yi ki tarar da wuri haka?"

Sai injiniya ta zauna daɓas a kan tsakuwa. Ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, har hawaye. Ta ce, "Wayyo Allah, na kwance batura, na zagi na'ura, na kusa barin aiki, ashe miyar kuɓewa ce!"

Inna ba ta ga abin dariya ba. Ta ce, "To me kuɓewata ta yi? Taɓa ki ji, zafinsu na nan."

Injiniya ta tashi ta goge ido. Ta kama gefen mayafin Inna ta rufe mata fuska da shi a hankali, ta ce, "Inna, kina jin zafin rana?"

"Ina ji mana."

"Kina ganina?"

"Ta ina zan gan ki kin rufe mini ido?"

"To su ma haka ne. Ba zafi suke ci ba, haske suke ci. Duk wunin nan a rufe suke."

Ta sauke mata mayafin. Ni wani irin daɗi ne ya taso mini tun daga ƙafa, don na gane ba abin da ya lalace, ba inda za a kai kayanmu. Na fara ihu ina cewa a kwashe, a kwashe. Amma da na juya na ga Baba, sai murnar ta koma ciki. Yana kallon makullin da ke hannunsa. A hankali ya ce, "Ashe ni ne. Ni nake buɗe ƙofar."

Injiniya ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, laifina ne. Na lissafa akuya da jifa, ban san ana shanya ba. A birni na tashi, kuɓewa a leda nake ganinta." Baba ya juya makullin a hannunsa. Na san abin da yake tunani. Kafin la'asar labari zai kai gindin dalbejiya, kuma wannan karon Baffa yana da abin da zai riƙe har kabari.

Labarin ya kai, amma da ƙarin da ban zata ba. Da mata suka zo kwashe kaya, sai ga shi sahu biyu cur, mafi yawan kuɓewar da ke wurin, ta gidan Baffa ce. Matarsa ta fi kowa zuwa da wuri. Mutumin da ya rantse ba zai taka kantin madubi ba, ashe tun farkon kaka miyar da yake sha a kan madubin ta bushe. Aka ce da aka gaya masa a majalisa, tashi ya yi ya shige gida. Ni kam na yi dariya har cikina ya ƙulle, Allah ya yafe mini.

Kwashe shanya bai gama aikin ba. Yauƙin kuɓewa da ruwan tumatir sun bushe a kan gilashin sun kama kamar ƙaro, 'ya'yan barkono sun manne. Injiniya ta ce sai an wanke da ruwa da tsumma mai laushi, ba kankara da ƙarfe, kuma da sassafe kafin su ɗau zafi. Dagaci ya ce a yi gayya, kamar yadda ake yi wa wanda noma ya fi ƙarfinsa.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Ana idar da asuba gari ya fito. 'Yan mata sun yi layi daga rijiya da bokitai, samari sun hau benci suna wanki, ni na kwaso duk ƙyallayen shagona na raba, har da ragowar shadda mai tsada. Wani ya ɗauko gangar noma yana kaɗawa, ana waƙa ana tsokanar Inna, ita kuma tana ramawa tana cewa duk wanda ya sha miyarta bana ya yi shiru. A gefen arewa, inda inuwa ba za ta faɗa kan farantai ba, aka kafa wa mata gadajen kara don shanyarsu. Inna ta duba ta taɓe baki ta ce ba za su kai na gilashi ba, amma ta karɓa.

Baba yana can ƙarshen sahu shi kaɗai, yana goge faranti ɗaya a hankali, bai shiga waƙar ba. Sai na ga ganga ta ɗan sassauta, mutane suna waige. Baffa ne a bakin ƙofar shinge, da bokiti a hannu da tsohon rawani a kafaɗa. Ya ɗan tsaya, sannan ya tako tsakuwar ya shigo. Bai kalli kowa ba. Ya wuce har inda yayansa yake, ya ajiye bokiti, ya yage rawanin biyu ya tsoma rabi a ruwa, ya kama farantin da ke kusa.

Na matsa kusa da tsummana, don in ya faɗi wata magana wannan karon ba mai riƙe ni. Sun daɗe suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Rana ta fara fitowa tana faɗa wa gilashin da aka wanke, sahu bayan sahu yana ƙyalli, injiniya tana leƙowa daga ɗakin batura tana ɗaga mana babban yatsa tana tsalle kamar yarinya.

Baffa ya matse tsummansa, ya dubi sahun da ya rage, ya yi gyaran murya.

"Yaya," ya ce, "gonar nan fa ba za ta yi da noma ɗaya ba. Sai an riƙa yi mata maimai. In za ka fito gobe ka tashe ni."

Hannun Baba ya tsaya a kan gilashin. Tun kafin a juye tsakuwa ba wanda ya sake jin kalmar gona a bakin Baffa. Baba bai ɗago ba, ya dai sa gefen hannun riga ya goge ido, ya ce wai barkonon da ya manne ne ya shigar masa.

"To," ya ce. "Ka zo da bokitinka."